Kwanso Tara Zuwa Kano

Tun ranar da na dawo daga Kano ban sami sukunin hura wuta yadda ya kamata ba. Duk wanda ya leƙo maƙera, maimakon ya miƙo abin gyara, sai ya nemi wuri ya zauna ya ce, "Habu, wai yaya Kanon take?" Na yi ta ba da labarin a gutsuttsure har wasu sun fara ƙara masa gishiri. Jiya na ji ana cewa wai an saka ni a turu a Kazaure. Ba a saka ni ba. Yau Juma'a, ba na aiki, ga tabarma, ku zauna in faɗa muku tun daga farko, kowa ya ji da kunnensa.

Abin da ya tashe ni daga Matameye bindigar Tanko ce, mijin ƙanwata Rabi. Bara ya ba wani Balaraben Gadamas bijimansa biyu a Damagaram, ya karɓo bindiga mai baki biyu. Ba irin tamu ta ƙyastu ba ce da ake ɗura wa albarushi ta baki. Ita wannan karya ta ake yi a tsakiya, a zura mata wani kwanson tagulla mai tsawon ɗan yatsa, albarushi da dalma duk suna cikinsa. Kwanso goma aka haɗa masa da su. Ya harba tara a kan garken gadun da ke ɓarnar rake a kwari, saura ɗaya, sai hankalinsa ya tashi. Ya kwaso su duka, tara fanko da ɗaya cike, ya kawo mini in sake cikawa, tunda ni ne maƙerin farfaru, tagulla sana'ata ce.

Da na ce masa ban sani ba, da an huta. Amma sai na ce, "Abin da hannu ya ƙera ai hannu zai gane shi." Na ɗauki na goman, mai cike ɗin, na kifa shi a kan uwar maƙera. A gindinsa akwai wani ɗan ƙoƙo kamar ƙwayar wake. Na sa masa basilla, na ɗan buga da masaba don in ga abin da ke ƙarƙashinsa.

Ban ji ƙarar ba ma sai daga baya. Na dai ga hayaƙi, na ji gashin girata yana ƙauri, na ga Tanko a ƙasa yana riƙe da ƙwaurinsa. Wani ɓallin tagulla ne ya shige shi har ƙashi. Wanzami ya ciro shi, amma Tanko ya yi wata guda a kwance. Bai taɓa faɗa mini baƙar magana ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Rabi kuwa ta daina gaishe ni. In na shiga gidansu dubiya, sai ta ɗauki tulu ta fita. Bindigar bijimai biyu ta zama sanda a jingine a bango, ga rake yana nuna, ga gadu sun gane babu mai korarsu.

Gwaggo Hajo, ƙanwar mahaifina, ita ta kawo mafita. Shekara ashirin tana kai kanwa Kano, ta dawo da kwalli da allura da zare. Ta ce ta taɓa ji a unguwar Larabawa akwai wani tsoho mai sake cika irin waɗannan kwanson. "In za ka iya tafiya da ƙafarka, ka biyo ni. Amma bakinka ka bar shi a gida."

Muka tashi bayan ruwa ya ɗauke, ni da ita da jakuna uku, cikin ayarin masu kanwa. Mun kwana Yauri ta nan kusa da mu, washegari muka yi Zango. Har nan gida ne, tuwon hatsi da miyar kuka, kowa ya san kakan kowa. A Zango ne Gwaggo ta ce in miƙo mata kwanson taran. Kun san yadda ake ciki tsakanin Damagaram da Kano, ba a ga maciji. Duk wanda aka kama da abin da ya shafi bindiga a kan iyaka, ɗan leƙen asiri ne, ba a ma tsaya jin bakinsa. Ta wanke su, ta cika kowanne da ragowar kwallinta, ta fiƙe kara ta toshe bakunan, ta naɗe su a tsumma ta jefa a kwandonta.

"Daga yau tandun kwalli ne," in ji ta. "Kai ka ƙera su. Ka ji?"

Na ce na ji.

Kwana biyu bayan nan, da hantsi, muka iske masu tsaron iyaka a gindin wata tsamiya, su biyar, kowa da mashinsa, suna gasa gyaɗa. Babbansu wani dogo ne mai tsage a kumatu. Suka sa aka sauke kaya, suna soka sanda cikin buhunan kanwa. Ni ina tsaye ina ta salati a zuci. Dogon ya sa hannu a kwandon Gwaggo, sai ga tsumma. Ya kwance, ya ɗauki ɗaya, ya cire toshin ya zazzage a tafinsa. Baƙin gari mai ƙyalli.

"Albarushi!"

Kafin in ƙifta ido biyu sun riƙe ni ta baya. Gwaggo kuwa ko gezau. Ta gyara zamanta a kan buhu ta ce, "Ɗan nan, ga wuta nan a gabanka. Watsa mana mu gani."

Ya ja da baya, ya miƙa hannu daga nesa, ya watsa. Sauran suka toshe kunnuwa. Wuta ta ci gaba da cin gyaɗarta. Gwaggo ta karɓi kwanson, ta zura tsinke, ta ja a idonta na dama, ta ja a na hagu, ta ɗago ta dube shi.

"Ko in sa maka ne? Naka idanun sun yi ja."

Mutanensa suka kwashe da dariya, aka sake ni. Shi kuma don ya rufe kunya sai ya shiga jujjuya kwanson yana yaba aiki. Wa ya ƙera? Gwaggo ta nuna ni. Ya ce bai taɓa ganin maƙerin da ya iya fitar da tagulla sumul haka ba, ko alamar guduma babu. Na sunkuyar da kai na ce baiwa ce daga Allah. Ya zura ɗaya a aljihu ya ce na uwargidansa ne, in kuma zan dawo in zo masa da murfi na kirki, wannan karan bai dace da shi ba. Haka tara suka koma takwas.

A Kazaure muka sauka gidan wata bazawara mai tuwon sayarwa. Nan na fara cin tuwon dawa ja, mai nauyi kamar dutse, na kwana ina juyi. Gaba kaɗan, a mashigin kogi, jakin Gwaggo na tsakiya ya ga dama ya kwanta cikin ruwa da kayansa. Muka ja, muka tura, ya ƙi. Sai da wani Bafillace mai kiwo ya zo ya raɗa masa abin da ban ji ba a kunne, ya murɗa masa wutsiya, sannan ya miƙe. Rabin kanwar buhun ta bi ruwa. Gwaggo ta yi kwana biyu ba ta kula jakin ba.

Rana ta bakwai muka shiga Kano ta Ƙofar Mazugal. Ku da kuke tambaya yaya take, ga abin da zan ce: na ɗauka da mun wuce ƙofa mun iso, ashe bayan ganuwa ma gonaki ne da kududdufai, sai da muka ƙara tafiya mai tsawo kafin gidaje. Mutane kuwa kamar an kwance tururuwa. Na fara gaishe da duk wanda muka haɗu da shi kamar yadda muke yi a nan, ina tambayar gida da iyali, har Gwaggo ta ce in na ci gaba da haka sai azumi ya same mu a bakin kasuwa. Can gaisuwa a tafe ake yin ta. Ruwan sha sayar da shi ake yi, itace ma haka, har ciyawar jaki. Rabin mazan garin hannuwansu shuɗi ne saboda rini. A gidan fatoman da muka sauka, mai saukar da fatake, an haɗa ni ɗaki da wani Banufe da wani Babarbare, babu mai jin harshen wani, amma munshari ɗaya muke yi.

Unguwar Larabawa, su Kanawa Dandalin Turawa suke ce mata. Gidaje masu bene, ƙofofi a rufe da rana tsaka, ba ka jin ko tarin mace. Sai da muka yi kwana biyu muna tambaya kafin aka nuna mana wani zaure a bayan gidan wani attajiri. Ciki wani tsoho ne baƙi, siriri, da jar hula, yana goge bakin bindiga. Sunansa Barka. Asalinsa mutumin Bagarmi ne, an kai shi Tarabulus yana ƙarami, ya yi shekara talatin a hannun wani mai gyaran bindigogi, daga baya aka 'yanta shi ya biyo ayari. Hannunsa na hagu yatsu uku ne.

Na gaishe shi, na kwance tsumman. Ya ɗauki ɗaya ya sansana, ya dubi baƙin da ya shafa masa a yatsa.

"Kwalli?"

Na faɗa masa dalili. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Daga Damagaram kake, kana so in koya maka cika harsashi, gobe a zo a harbe mu da shi. Tashi ka ba ni wuri."

Sai kawai na ba shi labarin uwar maƙera da basilla da ƙafar Tanko, ban rage komai ba, har da tulun Rabi. Ya daɗe yana kallon girata da ba ta gama tsirowa ba. Sannan ya ɗaga hannunsa na hagu.

"Ni da ƙusa na yi nawa," in ji shi. "Maigidana yana masallaci."

Ya tambaye ni sana'ata. Da na ce farfaru, ya shiga ciki ya fito da wata butar gahawa ta tagulla, ta attajirin gidan, bakinta ya ɓalle, an kai wa maƙera biyu sun ƙara ɓata ta. Ya ce in na gyara, za mu yi magana. Na ari wuta a maƙerar unguwar, na yini a kanta, na liƙe ta yadda ko da farce ba ka jin gaɓar. Da yamma aka dafa gahawa a cikinta aka miƙo mini a wani ɗan kofi kamar na wasan yara. Na ɗauka magani ne, na rufe ido na shanye a kurɓi ɗaya. Suka sake cikawa. Na sake shanyewa. Sai a na huɗu Barka ya ji tausayina ya ce in an ƙoshi girgiza kofin ake yi. Gurasarsu dai da alkaki ba ni da abin cewa, sun yi.

Kwana shida na yi a zauren nan. Ɗan ƙoƙon da na buga, kabsun suke ce masa, shi ne mai tayar da wutar, kuma shi kaɗai ne ba a iya ƙerawa a ƙasarmu, sai an kawo daga bakin teku. Barka ya nuna mini yadda ake turo wanda ya riga ya ƙone daga ciki, a wanke kwanso da ruwan tsamiya har ya yi haske, a shanya shi a rana ya bushe ƙayau. Sabon kabsun da itace ake danna shi, a hankali, kwanson babu komai a ciki. Sannan albarushi da ma'auni, sannan ɗan faifan fata, sannan dalma ƙanana, sannan wani faifan, a rufe baki da kakin zuma.

A faɗe abu ne mai sauƙi. Amma kwana uku na farko bai bar ni na taɓa albarushi ba. Da gero na yi ta yi. In cika, ya zazzage, in sake. Hannuna kuwa ya saba da masaba, da abu ya ɗan ƙi shiga sai in ga ina lalube a gefe. Duk lokacin da na yi haka sai ya buge mini yatsu da kara.

"Baba, ai ba ƙarfi zan sa ba."

"Ƙarfe ba ya zuwa kusa da tabarmar nan. Ko zoben hannunka cire shi."

Rana ta huɗu na cika ma'auni har ya yi tozo, na ce ai gadu fatarsa kauri gare ta, ƙari kaɗan ba zai ɓata ba. Ya karɓa ya share tozon da yatsa. Ya ce bindigar nan ta girme ni, ƙarfenta ya gaji, abin da na ƙara ba gadu zai samu ba, fuskar mai harbi zai samu. Ya yanko ƙahon akuya ya yi mini ma'aunina daidai bakin bindigar Tanko, ya ce ko Sarki ne ya ce in ƙara, in ce masa ma'aunin ba nawa ba ne.

Da zan tafi, attajirin ya ba ni kabsun cike da tafin hannu, ladan butarsa. Barka ya kai ni wurin wani baduku, aka raba su kashi huɗu, aka naɗe da auduga, aka ɗinke cikin fata kamar layu. Ya ce babu mai tsaron da zai farke laya, kuma ruwa ba zai shiga ba. Ya raka ni har bakin lungu. Na durƙusa zan yi godiya, ya ce in tashi, in dai na cika shekara da yatsuna goma in aiko masa da dabinon ƙasarmu.

A dawowa na fi jin tsoro, don yanzu da gaske akwai abin kamawa a jikina. Kowane mashigin ruwa layun suna cikin hulata, hular tana ɗaure da rawani. Ba na zama kusa da wuta, har 'yan ayari suka fara cewa ko aljanu gare ni. A gindin tsamiyar nan muka sake samun dogon. Ya gane mu tun daga nesa.

"Maƙeri! Ina murfina?"

Allah ya sa na ƙera shi a Kano, har da 'yar sarƙa. Ya sa aka ɗauko kwanson, murfi ya zauna daram. Yana murna, sai idonsa ya sauka a damtsena.

"Da za ka wuce ban ga layu haka a jikinka ba."

Gwaggo ta ce, "Tun ranar da mutanenka suka riƙe shi yake firgita cikin barci. Malamai huɗu na kai shi. Matsoraci ne, haka ubansa yake."

Dogon ya yi dariya har da buga cinya, ya ba ni gyaɗa cike da hannu, ya ce in yi haƙuri. Ban saki jiki ba sai da na hango rumbunan Zango.

Mun iso Matameye ranar Talatar makon jiya da la'asar. Tanko ya fara takawa da sanda. Washegari na share ɗaki, na shimfiɗa sabuwar tabarma, na fitar da duk wani ƙarfe, na cika kwanso biyu da albarushin da Tanko yake da shi na tsohuwar bindigarsa. Ya ce a ba shi ya gwada. Na ce a'a. Na ɗaure bindigar a jikin giginya a bayan gari kamar yadda Barka ya yi mini kashedi, muka kafa ƙwarya a gabanta, na sa zare mai tsawo a kowace kunama, tunda biyu gare ta, muka koma bayan wata kuka. Wasunku suna wurin. Rabi ma ta zo, ta tsaya can nesa da goyo.

Na ja zaren farko. Ƙas. Shiru.

Wani ya yi dariya. Tanko ya yunƙura zai je ya duba, na riƙe rigarsa, don Barka ya ce wani lokaci wutar takan makara. Na karanta Fatiha sau uku. Sannan na ja na biyun.

Ƙarar ta tayar da duk tsuntsayen kwari. Da hayaƙi ya washe, ƙwaryar da muka kafa ta zama rariya, bindiga kuma lafiyarta ƙalau. Na buɗe na farkon, ashe kabsun ɗin ne ban danna shi ya zauna sosai ba, tsoro ya sa na yi masa sakwa-sakwa. Na gyara, muka sake ɗaurewa, ya tashi. Da yamma Rabi ta aiko mini da fura, ta kuma biyo bayanta da kanta, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Yaya, an ce ka rame." Muka yi hira har magariba, ba wanda ya ambaci ƙafa.

Amma gaskiya hankalina bai kwanta ba sai shekaranjiya. Bindiga a jikin giginya daban, bindiga a kafaɗar mutum daban. Tanko ya fita da asuba, da sandarsa da kwanso biyu, ya ƙi a raka shi. Ina maƙera ina tara gawayi na ji ƙara daga wajen kwari. Na tsaya. Can sai ta biyu. Na ajiye abin da ke hannuna na fita bakin hanya, ina kallon ko zan ga wani ya taho a guje, ina sauraron ko za a yi kururuwa. Mata suna wucewa da tuluna suna gaishe ni, ban san me na amsa musu ba. Rana ta fito, ta ɗaga, babu kowa.

Sai can na hango shi tsakanin gonaki, yana ɗingishi a hankali, bindiga a saɓe, laka har gwiwa. Na ƙirga yatsun hannun da ke riƙe da sanda, na ƙirga na ɗayan. Ya iso gabana ya tsaya. Ya sa hannu a aljihu, ya kama tafina, ya zuba mini kwanso biyu, baƙi ƙirin, suna warin albarushi.

"Babban gadun na kayar, mai haƙoran nan," in ji shi. "A sake cikawa."